Kujera ta Biyu

Wirrabel, 9 ga Agusta

Ƙanena Denzil,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kuma ruwan Manchester bai hana ka fita ba. Mu nan sanyi ya matsa. Tarin mijina Merv ya tashi kamar kowace shekara, ƙurar ramin ma'adinai ce ba ta barin ƙirjinsa, amma yana zuwa aiki. Yara lafiya lau.

Waya ta riga ta gaya maka mun binne Baba. Abin da waya ba za ta iya ɗauka ba shi zan rubuta, kuma da Baba yana raye da bai bar ni ba, don sau biyu yana karɓe alƙalami daga hannuna.

Tun bara ba shi ke jagorancin badujalar mahaƙa ba. Bayan sun dawo daga gasar ƙasa ba kofi, Clarrie Penhall, wanda Baba ya koya wa riƙon ƙaho tun yana yawo da gajeren wando, ya miƙe a gaban kwamiti ya ce kunnen tsohon ya mutu. Ƙanensa Wilf, mai busa yufoniya ta farko, babban ƙahon nan mai kaurin murya, ya ce shi zai nuna musu. Ranar gwaji ya zauna a bayan Baba yana busa muryar da ba ita ba da gangan, tun daga farkon kiɗa har ƙarshe, sauran suna danne dariya. Baba yana fama da mura, bai waiwaya ba. Da aka gama Wilf ya ce, “Malam, yaya ka ji ni yau?” Baba ya ce, “Ka yi kyau, ɗana.” Sai ɗakin ya fashe.

Suka karɓe sandar jagoranci suka ba Clarrie. Shi kuma suka ba shi agogon bango da makullin kabad ɗin takardu. Kowace Alhamis, ranar gwajinsu, sai ya goge takalmansa ya tafi ya rarraba musu takardun kiɗa, ya koma gefe ya zauna. Ban taɓa jin ya zagi kowa ba. Ramewa kawai ya yi ta yi.

Ranar jana'iza Clarrie ne a gaban akwati da fararen safar hannu, yana kaɗa kiɗan rakiyar da Baba ya tsara da kansa, da sauri kamar mai tsoron a rufe mashaya. Da aka dawo gida shan shayi, ina ɗauke da faranti na ji Wilf, bakinsa cike da burodin naman da na gasa, yana ce wa na kusa da shi, “Yau dai bai yi ƙorafin mun yi sauri ba.”

Na ce wa Merv ya mayar musu da rigarsu ta badujala. Ya ce, “Beryl, badujalar ba ta Penhall ba ce, ta gari ce.” Har yanzu yana zaune a kujera ta biyu ta masu yufoniya, kafaɗa da kafaɗa da Wilf.

Kai ne namiji, kai ne wanda jaridun Ingila ke buga sunansa. Ni ba ni da komai sai baki. Ban san abin da za ka yi ba, amma kada ka aiko mini da wasiƙar haƙuri. Na sha haƙuri a bakin fasto har ya ishe ni.

Yayarki,
Beryl

Manchester, 2 ga Oktoba

Yaya Beryl,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina lafiya. Ki gaida Merv da jiki, ki shafa mini kan yara.

Ki yafe jinkirin. Wasiƙarki ta yi kwanaki a aljihuna, kullum na fara amsa sai in yayyaga. Ba haƙuri zan ba ki ba, don ni ma ba ni da shi.

Ga abin da ya faɗo hannuna. Masu shirya gasar ƙasa sun rubuto suna so in tsara musu kiɗan gwaji na rukunin farko na gasar bikin Ista mai zuwa, wai ɗan gida da ya yi suna a waje. Da na yi niyyar ƙi, aiki ya yi mini yawa. Jiya na amsa musu da to. Kin san ƙa'idar: duk badujalar da ta shiga gasa, wannan kiɗan za ta busa, ba ragi ba ƙari. Clarrie ba shi da hanyar kauce mini.

Na san hannunsa. Yana son ƙara da gudu, wuri mai sanyi kuwa ruɗa shi yake. Don haka a tsakiyar kiɗan kowa zai yi tsit, a bar yufoniya ta farko ita kaɗai da wani dogon layi mai taushi, yana hawa a hankali, ba inda za a saci numfashi, kuma a can ƙarshe, lokacin da ƙirji ya riga ya bushe, nan murya mafi tsawo take jira. Saurayi mai huhun doki zai kai da ƙyar. Wilf ya haura hamsin, ga taba, ga giya. Zai mutu a tsaye a gaban mutum dubu, kuma ba wanda zai rufa masa asiri da ƙara.

Ƙofa ɗaya ce ban iya toshewa ba. Alƙalin gasa yana cikin rumfarsa ta labule, ji yake yi, ba ya gani. Idan mai kujera ta biyu ya ƙware, zai iya zamewa a hankali ya karɓi gaɓoɓin ƙarshe, alƙali bai sani ba. Kowace badujala mai wayo haka za ta yi. Mai kujera ta biyu a Wirrabel kuwa a gidanki yake kwana. Ba na neman Merv ya yi komai. Ya ɗora ƙahonsa a cinya ya huta, shi ke nan.

Na sa wa kiɗan suna *Ranar Alhamis*. Su za su gane.

Wannan magana tsakanina da ke ce. Ko a coci kada fuskarki ta nuna.

Ƙanenki,
Denzil

Wirrabel, 19 ga Janairu

Denzil,

Muna gaisuwa. Zafi ya yi zafi, kwalta har narkewa take, tankin ruwa ya kusa ƙasa. Merv da sauƙi, zafi ya fi yi masa daɗin ƙirji.

Takardun kiɗanka sun iso makon jiya. Na je na zauna a bencin da ke bayan ɗakin gwaji da saƙata a hannu, taga a buɗe. Denzil, na ji shi. Na ji lokacin da kowa ya yi shiru, Wilf ya ɗauko layin nan yana taƙama, ya hau, ya hau, sai ƙahon ya yi wani kuka kamar an taka agwagwa. Clarrie ya ce a sake. Ya sake mutuwa a wuri ɗaya. A karo na huɗu na ji Clarrie yana cewa, “Wilf, busa na ce ka yi, ban ce ka yi amai ba.” Tun da muka binne Baba ban ci abinci da daɗi irin na ranar ba.

Na yi wa Merv maganar. Yana gyaran keke a rumfa, na tsaya a kansa na gaya masa abin da ka ce. Bai ɗago ba. Ya ce, “Miƙo mini sufana.” Na ce, “Ka ji ni kuwa?” Ya ce, “Ni kunnena lafiya yake.” Ban san ko to ba ce ko a'a, amma na san yadda zan bi da shi kafin Ista.

Abu ɗaya zan gaya maka kada ka ji a wani wuri. Na haɗu da Noreen, matar Wilf, a shagon mahauci. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, “Ashe ƙanenki da duk karatunsa bai san mutum yana numfashi ba?” Na ce, “Ya sani sarai. Ya ma san adadin wanda ya rage a ƙirjin mijinki. Tela ne, da gwaji ya ɗinka.” Mahaucin har ya ajiye wuƙa. Na san ka ce in yi shiru. To, ta faɗa, na faɗa. Me za su iya yi? An riga an buga, an rarraba ƙasa duka.

Beryl

Wirrabel, 11 ga Fabrairu

Denzil,

Ba ni da lokacin doguwar gaisuwa, mota mai ɗaukar wasiƙu ta kusa tashi. Yara lafiya.

Maganar shagon mahauci ta kai kunnen Clarrie. Ranar Alhamis, a gaban kowa, ya ƙwanƙwasa sandarsa ya ce, “Wilf, Merv, ku yi musayar kujera.” Wilf ya ce, “Shekara ashirin ina nan wurin, Clarrie.” Ya ce, “Ka huta ke nan. Tunda 'yan gidan Malam Trewin ne suka ɗinka rigar, bari surukinsu ya fara sa ta. Kai ka zauna a ta biyu, in ya gaza ka karɓa masa.”

Merv ya karɓa. Na yi faɗa, na yi kuka, na ɓoye masa bakin ƙahon a cikin tulun gari. Ya nemo shi, ya wanke, ya ce, “Tun ina yaro nake son kujerar nan. Ba ta hanyar da na so ta zo ba, amma ta zo.” Yanzu da ya dawo daga rami sai ya shige rumfa ya yi ta bin layin nan naka. Ina jin sa daga kicin. Yana kaiwa kusa da ƙarshe sai tari ya sarƙe shi. Jiya na ga jini a hankicinsa, ya ce haƙori ne.

Ka rubuta wa masu gasar. Ka ce an yi kuskure a wurin bugawa, ka ce akwai alamar numfashi da ta faɗi. Kai ka tsara, za su yarda. Ka yi ta waya, kada ka jira jirgi. Denzil, Merv ne ya ɗauki kan akwatin Baba.

Beryl

Manchester, 14 ga Fabrairu

Yaya Beryl,

Gaisuwa. Ina lafiya, sai dusar ƙanƙara. Gobe zan bi wata badujala zagayen garuruwan arewa da Scotland, zan jima ban dawo ba, shi ya sa nake amsa miki a tsaitsaye.

Na karanta abin da kika rubuta. Abin da ya faru ya faru, bakinki ba sabon abu ba ne a wurina. Amma kada ki fara jin tausayi yanzu, don na san ki, zafinki kamar wutar kara ne. Ba zan taɓa ko ɗigo ɗaya a kiɗan nan ba. Duk wanda ke zaune a kujerar nan yana cikin ɗakin ranar da aka yi wa Baba dariya, kuma abin da zai same shi, shi ya saya. In ya yi tari, ya yi. In ya faɗi, a ɗauke shi.

Ki samu wuri a gaba-gaba, ki kalla da idona da naki.

Denzil

Wirrabel, 8 ga Afrilu

Denzil,

Ina gaishe ka don Baba ya koya mana gaisuwa, ba don na so ba. Na samu amsarka. Na karanta ta sau ɗaya, na sa a murhu. Merv ya ga fuskata ya tambaya, na gaya masa abin da ka ce a kansa, kalma da kalma. Ka ce in kalla da idonka, to ga abin da idonka ya gani.

Mun tafi Melbourne a jirgin ƙasa, mata da yara da kwandunan abinci. A ƙuri'a muka fito kusan ƙarshe, don haka sai da na zauna na ji kiɗanka a bakin badujala bayan badujala. Duka sun yi dabarar da ka faɗa. Na biyu ya zame ya karɓa, alƙali yana cikin labulensa bai san an yi ba. Na ce a raina, ai shi ke nan, Wilf zai karɓa, ko don yayansa.

Namu suka hau da jajayen rigunansu. Alƙali ya busa usur. Farkon ya yi kyau, ban taɓa jin su haka ba. Sai wurin ya zo. Kowa ya sauke ƙaho. Merv ya ɗauko layin a hankali, kuma wallahi duk yinin nan ba wanda ya busa shi da daɗi haka. Wata tsohuwa a gefena ta kama hannuna ba ta san ni ba. Yana hawa, wuyansa yana yin ja. Na ga Clarrie ya ɗaga wa Wilf gira. Wilf ya dube shi ido cikin ido, ya kwantar da ƙahonsa a cinya, ya harɗe hannuwa.

Merv ya kai bakin muryar ƙarshe, iska ta ƙare. Ba agwagwa, ba komai. Shiru kawai, sai kuma tari. Tari a cikin ƙaho, Denzil, ka san yadda yake fita. Zauren nan duka ya ji. Wani yaro a sama ya yi dariya, uwarsa ta make shi. Clarrie ya tsaya da sanda a sama ya manta inda yake, rabin badujala suka shigo, rabi suka jira, daga nan har ƙarshe kowa nasa yake busawa.

Mu ne na ƙarshe. An sauke mu zuwa rukuni na biyu, abin da bai taɓa faruwa ba tun kafa badujalar.

A bayan dandamali, ban ma kai wurin Merv ba na ji su. Clarrie ya shaƙe wuyan rigar Wilf yana cewa, “Ka kashe ni, ɗan'uwana.” Wilf ya ce, “Kai ka ce in huta.” Clarrie ya kai masa naushi a baki, haƙora biyu suka zube a kan katako. A jirgin dawowa ɗaya yana taragon gaba, ɗaya yana na baya, matansu ba sa ga maciji. Ranar Litinin kwamiti ya karɓe sandar daga hannun Clarrie. Ya je shago sayen taba, yara suka bi shi suna tari.

Ba zan yi maka ƙarya ba, wannan ya yi mini daɗi, kuma har gobe yana yi mini. Na je kabarin Baba na gaya masa duka.

Amma Merv tun da muka dawo bai yi mini magana da ta wuce ta gishiri da shayi ba. Likita ya hana shi shiga rami, an mayar da shi sito. Mutane suna tsallaka titi don kada su rasa abin da za su ce masa. Ka ce in ya faɗi a ɗauke shi. Na ɗauke shi. Kada ka sake rubuto mini.

Beryl

Manchester, 27 ga Afrilu

Yaya Beryl,

Ko ba za ki karanta ba sai na rubuta. Shekaranjiya na dawo na tarar da wasiƙunki biyu a ƙarƙashin ƙofa, ta Fabrairu da ta Afrilu, na buɗe su a zama ɗaya. Ki dubi kwanan watan tawa, in ba ta ƙone duka ba. Wasiƙarki ta Janairu nake amsawa. Sun yi saɓani a hanya. Wilf nake nufi, ban san an yi musayar kujera ba. Da na sani da na buga waya a ranar.

Ki gaya wa Merv. Ki ce masa zan zo gida da Kirsimeti, mu kafa dutsen kabarin Baba, in tsaya a gabansa ya faɗa mini duk abin da ya ga dama.

Denzil

Wirrabel, 30 ga Mayu

Suruki,

Merv ne. Ban saba rubutu ba, ka yi haƙuri da hannun. Ina gaisuwa. Yayarka lafiya, yara lafiya. Ƙirjina yana nan yadda ka san shi, tunda ka auna irinsa.

Beryl ta ba ni wasiƙarka. Na yarda ba ni ka nufa ba. Sai dai ban ga inda hakan ya canza komai ba. Mutum ka nufa, mai ƙura a huhu, a gaban matarsa. An dai samu wani a kujerar.

Ba ka tambaye ni ba, ita ma ba ta jira amsata ba, amma ga ta: da ni ne a kujera ta biyu, da na karɓa wa Wilf. Ba don shi ba. Ba a barin layi irin wannan ya faɗi ƙasa. Ban taɓa busa abu mai kyaunsa ba, kuma wannan ne abin da ya fi ba ni haushi da kai.

Kwamiti ya ba ni sandar. Busa ta ƙare mini, amma hannu yana ɗaguwa. Na karɓa.

Na ji za ka zo da Kirsimeti. Madalla. Ba ni da abin da zan faɗa maka, ni ba mai magana ba ne. Ranar Lahadin da ta biyo baya badujala za ta yi wasa a rumfar lambun gari don tunawa da Malam, kuma *Ranar Alhamis* za mu busa. Na tuna cewa da yufoniya Malam ya fara ka kafin ka koma alƙalami. Na riga na ba jaridar gari labari cewa wanda ya tsara kiɗan shi zai busa layin da bakinsa. Sun buga da hotonka. Mutane har daga garuruwan maƙwabta suna tambayar wurin zama. An ce wanzami ba ya son jarfa, amma na ce musu kai ba haka kake ba.

Na goge maka ƙahona, na sa masa mai. Kana da wata bakwai, ka rage taba.

Wilf ya sa haƙoran roba, ya dawo gwaji makon jiya. Shi zai zauna maka a kujera ta biyu. Ban gaya masa ya karɓa ba, ban gaya masa kada ya karɓa ba. In kana so ka san ra'ayinsa, gidansa yana nan inda ka san shi, bayan shagon mahauci. Sai ka je ka ƙwanƙwasa.

Surukinka,
Mervyn Hosking